Rusau da Mantuwa: Abin da Fagge da Sabon Gari Suka Gani

A tsakiyar watan Yuni na shekarar 2023 mutanen Kano suka wayi gari suka tarar babu dogon ginin nan mai ado da ke tsakiyar shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Cikin dare aka kawo katafila aka kwantar da shi. Shekararsa shida kacal a tsaye, domin a 2017 aka gina shi, lokacin da Jihar Kano ta cika shekara hamsin da ƙirƙirowa, a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Wanda ya gaje shi kuwa, wato Gwamna Abba Kabir Yusuf, bai cika kwana ashirin a kan kujera ba sa'ad da aka rushe shi.

Dalilan da aka bayar sun kasu biyu. Daga ofishin watsa labaran gwamna an ce ginin ba shi da inganci, kuma tsawonsa yana tare ƙofar gidan gwamnati, abin da ke da haɗari ta fuskar tsaro. Sakataren gwamnatin jiha na lokacin, Dokta Abdullahi Baffa Bichi, shi kuma ya ce akwai siffar kuros a jikin ginin. Da surutu ya yi yawa, sai gwamna ya gana da baiwar Allahn da ta zana shi, aka kuma ba da sanarwar za a sake gina irinsa a wajen gadar Na'ibawa.

Mu da muke koyarwa a makarantun sakandare mun sha tambaya a wannan mako. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, idan wani gwamnan ya zo, shi ma zai rushe na wannan?" Ajin ya kwashe da dariya, amma mu ba mu sami abin dariya a ciki ba, domin amsar gaskiya ita ce mai yiwuwa ne. Wannan tambaya ce ta sa muka koma muka dubi unguwannin da muka fi sani, Fagge da Sabon Gari, don mu ga me aka kafa a cikinsu saboda tunawa, wa ya kafa, wa ya kawar, sannan mene ne ba a taɓa kafa masa komai ba. Mun kuma leƙa ayyukan wasu masu fasahar zane da ƙira na wannan zamani waɗanda wannan al'amari ya dame su kamar yadda ya dame mu.

Sanin kowa ne mu nan ba mu da al'adar kafa mutum-mutumin shugaba a bakin hanya, addini bai bar mu ba. Saboda haka abin da ya faru a Gana a 1966, da sojoji suka hamɓarar da Kwame Nkrumah jama'a suka kayar da mutum-mutuminsa har kan ya rabu da gangar jiki, ba zai faru a Kano da wannan siffa ba. Namu abubuwan tunawar su ne ganuwa da ƙofofi, masallatai, kasuwanni, sunayen tituna da na makarantu, sai kuma kirari da waƙa. Amma rashin gunki bai raba mu da rigimar ba. Wanda duk ya karanta tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, zai tuna da Dirki. Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki, ana ta ƙara masa fata a kan fata, ana yanka masa shanu, har aka wayi gari mutane na girmama ƙunshin ba tare da sun ga abin da ke ciki ba. Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, shi ya sa aka sare fatun aka buɗe. Littafin ya nuna mutanen gari sun ɗauki wannan a matsayin alamar ƙarewar mulkinsa, ba a kuwa daɗe ba masu jihadi suka fitar da shi daga birni. Malamai za su ce Alwali ya yi daidai da ya kawar da bidi'a, mu ma ba mu ja da haka ba. Abin lura a nan shi ne, tun wancan zamani mai mulki a Kano ya san taɓa abin da jama'a suka taru a kansa magana ce ta iko.

Ganuwa ma haka. Sarki Gijimasu ya fara ta a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa da waɗanda suka biyo baya suka faɗaɗa. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Shekara uku bayan haka, a 2010, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi. Sauran ganuwar kuwa, wanda ya zaga ya ga yadda gidaje da shaguna suka cinye ta ba ya bukatar mu ba shi labari.

To, mu fito waje. Masana tarihi suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a matsayin zangon da ayarin Buzaye da fataken Sahara ke sauke raƙumansu a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa ɗanyen gari ne in aka gwada shi da Fagge. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, sannan wajen 1913 aka yanka filin Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gwalkwas a da, wato Gana. Manufar Turawa a fili take: kada baƙin nan su cuɗanya da mutanen birni. Saboda haka shi kansa tsarin unguwar, da miƙaƙƙun layukanta da tazarar da aka bari tsakaninta da ganuwa, wani abin tunawa ne da mulkin mallaka ya bar mana, ko da yake ba a rubuta haka a jikin kowane allo ba.

Sunayen titunan Sabon Gari kaɗai sun isa darasi guda. Mun tambayi ɗalibai asalin sunan titin France, kusan duk suka ce ai ƙasar Faransa ce. Ba ita ba ce. Sunan wani mutumin Gwalkwas ne, G. E. France, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya shugabanci al'amuran unguwar a shekarun 1930, kamar yadda titin Ballat Hughes ke ɗauke da sunan mutumin Saliyo da ya biyo bayansa. Hukuma ta sauya wa titin France suna zuwa titin Abuja, amma je ka tari mai adaidaita-sahu ka ce ya kai ka titin Abuja, ka ga yadda zai dube ka. Sunan ya ƙi mutuwa, mai sunan kuwa an manta da shi sarai. Haka Bata, wadda kantin takalma ne na wani kamfanin Turai ya bar wa mahaɗar suna. Haka Singa, daga kamfanin keken ɗinki. Haka Wapa, wadda yaran yanzu suka sani da canjin kuɗi kawai, alhali harufan farko ne na sunan kamfanin jigilar alhazai da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa a 1948. Babbar kasuwar ma an raɗa mata sunan Muhammadu Abubakar Rimi, an rubuta a ƙofa, amma a bakin jama'a har gobe Kasuwar Sabon Gari ce. Wato dai akwai sunan da gwamnati ke sawa da takarda, akwai wanda ƙafar mutane ke sawa da yawan zirga-zirga, kuma na biyun ya fi na farkon tsawon rai. Sai dai shi ma ɓawo ne kawai yake rage mana idan ba a sami mai ba da labarin abin da ke ciki ba.

Akwai gini guda a Fagge da ya kamata ya fi kowanne damun 'yan wannan ƙungiya, shi ne Gidan Sa'adu Zungur. A 1980 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph, ta kuma sa wa mazauninsa sunan Malam Sa'adu Zungur, mawaƙi, malami, ɗan gwagwarmaya, wanda ya rasu a 1958. A iya saninmu ba kasafai gwamnati a ƙasar nan ke ɗaukar babban gini ta sa masa sunan marubucin waƙa ba. Daga wannan gida ne Albishir ke fitowa da boko, Alfijir kuma da ajami, kuma da yawa daga cikin manyanmu a harkar rubutu a shafukan waɗannan jaridu suka fara ganin sunansu a buge. Wasunmu ma sun taɓa tsayawa a ƙofar gidan da 'yar waƙarsu a cikin ambulan, gaba na faɗuwa, suna jiran wanda zai karɓa ya miƙa wa edita.

Gidan bai shekara biyu ba ya ɗanɗana wuta. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke, aka cinna wa gine-ginen gwamnati wuta, har da gidan Rediyon Kano da na Triumph, aka kuma kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad, Allah Ya jiƙansa. Jaridar ta farfaɗo ta ci gaba shekara talatin, da daɗi ba daɗi, har 2012 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta rufe kamfanin. Gwamnatin da ta biyo baya ta dawo da jaridar, amma filin gidan sai aka mayar da shi wurin kasuwanci. Ga gini guda, gwamna ɗaya ya kafa shi don ya nuna aƙidarsa, masu adawa da shi suka ƙona, wani ya kulle, wani ya sayar da wurin. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ba bulo da siminti ba ne. Ina tsofaffin kofen Albishir da Alfijir? Ina hotunan da masu ɗaukar hoton jaridar suka tara na shekara talatin? Duk ɗalibin da ya taɓa neman kammalallen jerin wata jaridar Hausa a ɗakunan karatunmu ya san irin wahalar da ake sha, a samu na wannan wata a rasa na wancan, wanda aka samu ma gara ta ci gefe.

Otal ɗin Daula, wanda gwamnatin jiha ta gina a shekarun 1970, shi sau biyu aka rushe shi: gwamnatin Ganduje ta ba da wurin aka kawar da tsohon gini aka tayar da sabo, gwamnatin Abba ta zo a Yunin 2023 ta kwantar da sabon. Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, daga baya aka mayar mata da sunanta na farko. Gadar saman da ta bi ta kan titin Murtala Muhammad a gefen Sabon Gari, wani ya fara wani ya ƙarasa, kuma har yau magoya bayansu na musu a kan ta wace ce. Ba za mu tsaya a kan waɗannan ba, kowa ya gani da idonsa.

Inda muke son mu daɗe shi ne wuraren da babu wanda ya yi musu a kansu, saboda babu wanda ya kafa musu ko da dutse ɗaya.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari takwas suka taru a gidan Bello Ijumu a Sabon Gari suka kafa jam'iyyar NEPU. A cikinsu akwai Abba Maikwaru na Fagge, da Magaji Ɗambatta, da mawaƙin nan Mudi Sipikin. A duba wannan da kyau: jam'iyyar talakawan Arewa, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, wadda duk wani ɗan siyasar Kano na yau ke cewa shi ne magajinta, a unguwar baƙi aka haife ta, a ɗakin mutumin da asalinsa Bayarabe ne daga ƙasar Kabba. Dalili kuwa shi ne a cikin birni idon 'yan doka da na Hukumar En'e ba zai bar irin wannan taro ba. Gidan Malam Aminu na Gwammaja, wato Mambayya, an adana shi yana hannun Jami'ar Bayero, madalla da haka. Amma mun bi layukan Sabon Gari ba mu ga ko ɗan allo da ke cewa a nan aka fara ba. Masu jar hula da masu adawa da su duk sun yi mulki, duk sun kashe kuɗi a kan gadoji da shataletale, ba wanda ya tuna da wannan ɗaki. Muna zargin dalilin shi ne labarin bai dace da yadda ake son a ba da tarihin ba, domin yana nuna Kano da baƙinta sun taɓa haɗa kai a kan abu guda.

Bayan wata tara, ranar 13 ga Mayu 1951, gidan siliman El-Duniya da ke nan Waje ya kama da wuta ana tsakiyar kallo. Binciken hukuma ya ce mutum 331 suka rasu, akasarinsu matasa. A lokacin mutane da yawa sun ce hukuncin Allah ne a kan masu zuwa wurin banza, saboda haka iyalai da dama suka haɗiye baƙin cikinsu, ba su iya fitowa sun yi kukan 'ya'yansu a fili ba. Mutum ɗari uku da talatin da ɗaya a gobara guda! Da a wata ƙasa ne da kowace shekara sai an karanta sunayensu. Mu nan ko wurin da gidan yake, sai ka tambayi tsofaffi goma kafin biyu su yi ittifaƙi.

Sai kuma watan Mayu na 1953. A ƙarshen Maris na shekarar Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Legas, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ce ba a shirya ba, 'yan Legas suka yi musu ihu a hanya. Da jam'iyyar Action Group ta turo tawaga Kano ƙarƙashin S. L. Akintola don yin taro a Sabon Gari, sai faɗa ya tashi ranar 16 ga Mayu, ya kwana huɗu ana yi, kuma fagen fama shi ne tsakanin Fagge da Sabon Gari. Rahoton hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Har sai da aka kwashe 'yan Kudu da ke zaune a Fagge aka kai su Sabon Gari, 'yan Arewa da ke Sabon Gari aka fito da su. Wannan faɗa na cikin abin da ya sa Turawa suka kira taron London a wannan shekara, wanda ya haifar da tsarin mulkin tarayya na 1954. Ashe ke nan siffar da Nijeriya ke da ita a yau, wani ɓangarenta a kan titunan da muke bi kullum zuwa makaranta aka yanke shi. Bayan wannan ga 1966, ga Oktoban 1991, ga bom ɗin tashar motar New Road ranar 18 ga Maris 2013. Ba ɗaya da ke da alama. Mun san akwai masu cewa tone-tone ba shi da amfani, a bar kaza cikin gashinta. Muna girmama wannan ra'ayi, domin masu faɗarsa sun ga abin da ba mu gani ba. Amma mun lura yaran da ba a gaya wa komai a makaranta ba suna jin labarin a gida, kowane gida da nasa, kuma a kowane gida su ne aka zalunta. Ga shi kuma an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai bayan fiye da shekara goma aka dawo da shi.

A nan ne ayyukan masu fasahar zamani suka ba mu abin tunani. Ba mu je Turai mun gan su ba, a hotuna da rubuce-rubuce muka san su, amma ko a hakan sun isa.

Ibrahim Mahama mutumin Tamale ne a arewacin Gana, an haife shi a 1987. Kayan aikinsa tsofaffin buhunan algarara ne, waɗanda ake saƙawa a ƙasashen Indiya da Bangaladash, a kawo su Gana a zuba koko, in sun tsufa su koma hannun masu masara da masu gawayi. Yakan karɓo su da dattinsu da facinsu da sunayen 'yan kasuwar da aka rubuta a jiki, ya tara mutane su ɗinke su su zama ƙaton mayafi, sannan ya lulluɓe babban gini da shi. Ya yi haka a babban baje-kolin fasaha na birnin Banis a Italiya a 2015, wanda ɗan Nijeriya marigayi Okwui Enwezor ya shirya. Ya lulluɓe gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Akara, ya lulluɓe tsofaffin gidajen gadin ƙofar gari a Kasel ta Jamus a 2017, da na Milan a 2019. Mai wucewa ya saba ganin ginin hukuma fes, yau sai ya gan shi sanye da rigar ɗan dako. Bayan 'yan makonni a kwaye, ginin ya koma yadda yake, amma wanda ya gani ba zai ƙara kallonsa kamar da ba. Dirki ne aka juya: can an naɗe abu har aka manta da abin da ke ciki, nan kuwa an naɗe ne don a tuna da waɗanda guminsu ya gina shi.

Duk Bakanon da ya ga hoton wannan aiki, dalar gyaɗa ce za ta faɗo masa a rai. Da jirgin ƙasa ya iso, Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro ne a ƙasar su Mahama kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Buhu wajen 15,000 ke shiga dala guda, kuma ba don ado aka tara su ba, jirgi ne ba ya iya kwashewa da sauri zuwa Legas. Duk da haka babu wani abin da aka gina da gangan a Kano da ya kai su suna a duniya. Farin shekarun 1970, da cutar gyaɗa ta 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, su suka share su. Yau sai a bayan takardar naira 200 ake ganin siffar dalar buhuna. A watan Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja, shugaban ƙasa ya je ya buɗe, aka ɗauki hoto, aka kwashe. Ita wannan don hoton aka yi ta. Amma 'yan dakon da suka hau da buhu a ka har ƙololuwar dalar Kano, ko sunan mutum ɗaya daga cikinsu ba mu taɓa gani a littafi ba. Mahama ya sayi wani rumbun siminti da aka fara a Tamale zamanin Nkrumah aka watsar bayan juyin mulkin 1966, ya buɗe shi ga jama'a da 'yan makaranta, jemagun da ya tarar a ciki ma ya bar su. Bai rushe ba, bai kuma yi masa fenti ya sa sunansa ba.

Ta biyu 'yar garin nan ce ta haihuwa. An haifi Otobong Nkanga a Kano a 1974, ta girma a Legas, ta yi karatu a Ife da Faris, ta zauna a Beljiyam. A wani aikinta na 2012 tebur ta kafa, ta zauna, duk wanda ya zo sai ta fasa goro su ci tare, ta ba shi labarin inda goron ya fito da hanyoyin da ya bi. Babu abin da ya rage bayan an tashi sai abin da baƙon ya tafi da shi a ka. A 2015 ta je Tsumeb a ƙasar Namibiya, inda wani koren tsauni mai arzikin tagulla yake a da, Turawan mulkin mallaka suka haƙe shi har ya zama rami, ta tsaya a bakin ramin ta yi waƙa. Tunaninta shi ne duk inda aka ga dogon gini, akwai ramin da aka bari a wani wuri. Wannan ya sa muka sake kallon kududdufan Kano. Daga cikinsu aka ɗebi ƙasar da aka yi ganuwa da gidajen birni, su ne kuma ke shanye ruwan damina. An bi su ana cikewa ana yanka filoti, ga shi kowace damina ruwa na shiga gidaje da kasuwanni, har Kantin Kwari bai tsira ba.

A gida Nijeriya ma an yi. Marigayi Gani Odutokun, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, ya zana wani sarki yana raha da janar-janar ɗinsa, a daidai lokacin da faɗin irin wannan da baki ke kai mutum kurkuku. A Afirka ta Kudu kuma, ranar 9 ga Afrilu 2015 da ake ɗauke mutum-mutumin Cecil Rhodes daga Jami'ar Kef Tawun, wata ɗaliba mai fasaha, Sethembile Msezane, ta hau kan dandamali da fukafukai a hannu, ta yi siffar tsuntsun dutsen nan na Zimbabuwe da aka sace aka kai gidan Rhodes, ta tsaya awa kusan huɗu. Hotonta da gunkin yana lilo a bayanta ya fi gunkin kansa yawo a duniya.

Mu dawo kan shataletalenmu. Maganar kuros ta tsaya mana a rai, domin muna da abokan aiki da ɗalibai daga Sabon Gari, kuma mun ga fuskokinsu washegari. Kakannin wasunsu a Kano aka binne su. Ban da haka, layi biyu da suka gitta juna suna ko'ina a adonmu, a dagi, a aikin hula, a zanen bango, a kayan azurfar Buzayen Agadas waɗanda saboda kakanninsu aka kafa Fagge. Idan ginin na da matsalar inganci, injiniyoyi su faɗa, a nuna wa jama'a rahoton. Amma mu faɗi gaskiya ta ɗaya gefen: waɗanda suka gina shi ma ba su tambayi kowa ba, kamar yadda ba su tambayi kowa ba da suka yanka Filin Idi na bakin Ƙofar Mata, daura da Kantin Kwari, suka ba da shi aka yi shaguna. Filin da Kanawa ke sallar Idi a cikinsa tun kaka da kakanni bai kamata ya zama kanti ba, a nan muna tare da masu rusau. Sai dai 'yan kasuwar da suka sayi shagunan da takardun hukuma a hannu su ne suka kwana a ciki, wasu ma aka wawashe musu kaya. Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kuɗin nan daga baitulmalin jiha za su fito, wato daga aljihun wanda bai yanka filin ba, bai kuma rushe shagon ba.

'Yan uwa marubuta, ba mu da katafila, ba mu da siminti. Abin da muka iya yi a namu ɗan ƙaramin wurin shi ne, a hutun da ya biyo baya muka ba ɗalibanmu aiki: kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu, ya tambaye shi abu ɗaya da ya gani da idonsa a Fagge ko Sabon Gari wanda yanzu babu shi, ya rubuta da harshen da aka ba shi labarin, kada ya gyara. Wanda yake ɗan shekara goma lokacin gobarar El-Duniya ya haura tamanin yanzu, saboda haka ba aikin da za a ɗaga zuwa baɗi ba ne. Yawancinsu labarin silima suka kawo, Plaza da Eldorado da Rex, da na raƙuma, da na kukan jirgin ƙasa da asuba. Wata yarinya ta kawo labarin yadda kakanta ya ɓoye maƙwabcinsa tela a ɗakin matarsa kwana uku a 1966. Wani yaro kuma ya zo da shafi ɗaya tak. Kakarsa ta gaya masa tana da wa wanda ya fita da daddare a shekarar gobarar bai dawo ba, kuma mahaifinsu ya hana a ƙara ambatonsa a gidan. Yaron ya ce shi bai taɓa sanin an yi mutumin ba. Ta faɗa masa sunan, ya rubuta a ƙasan shafin, ya ja layi biyu.

Littattafan suna nan a cikin kabad a ofishin malamai, duk ɗan ƙungiya da ke son dubawa ƙofa a buɗe take. Mun ɗora kabad ɗin a kan bulo huɗu saboda gara.